Takardar Wanke Suna

Ba a daɗe ana yi wa Namalwa tambayoyi ba aka gane ta iya aikin. Mai karɓar kuɗi ake nema a wani asibitin kuɗi da ke Eldoret, ita kuwa abin da ta yi ke nan shekara da shekaru a wani babban kanti, har ranar da ma'aikata suka zo da safe suka tarar da kwaɗo a ƙofa, wayar manaja kuma a kashe.

Madam Jerusha, mai ɗaukar ma'aikata, tabarau biyu gare ta, ɗaya a hanci ɗaya a ka, amma in za ta dubi mutum ta saman na hancin take leƙowa.

"Albashin ba shi da yawa," in ji ta.

"Na ji, Madam."

"Ana aiki har ran Lahadi."

"Akwai cocin yamma."

"Akwai katin magani. Ke da mijinki da 'ya'ya."

Nan ne Namalwa ta gyara zama. "Ko yaron da aka haifa da ciwonsa?"

"Wane ciwo?"

"Sikila."

"Katin ba ya tambaya. Hoto kawai yake so."

Abin da ya kawo ta ke nan. 'Yarta Keziya shekararta huɗu, Eldoret kuma gari ne mai sanyi, sanyi kuwa ba ya shiri da mai sikila. Da ruwan sama ya kankama sai yarinyar ta riƙe gwiwa ta yi shiru, shirun nan ya fi kuka tayar wa uwa hankali. A asibitin gwamnati sai ka wuni a layi, a ƙarshe a rubuta maka magani a ce ka saya a waje. Kwanciyar da Keziya ta yi ta ƙarshe talabijin ce ta biya, wadda ta gabace ta kuma kujerun falo. Abin da ya rage a ɗakin, ko an haɗa da labule, ba zai kai kuɗin ƙarin jini ba. Ga damina ta kusa.

"Saura takardu uku," Madam Jerusha ta ce. "Ta 'yan sanda, ta haraji, sai takardar wanke suna, wadda za ta nuna babu banki ko mai ba da rance da ya sa ki a baƙin littafi. Ran Juma'a nake rufe fayil."

"To, Madam," Namalwa ta amsa, kamar wadda aka aika sayen gishiri.

Biyun farko ba su ba ta wahala ba. Ta ukun a shagon kwamfuta ake cirowa. Mai shagon, wani mai tumbi, yana cin gasasshiyar masara da hannu ɗaya ya shigar da lambar katinta da ɗayan. Ya jira, ya tauna, ya haɗiye.

"Mama, kina ciki."

"Cikin me?"

"Cikinmu. Barka da zuwa. Ni tun shekarar zaɓe nake ciki, a kan ɗan rancen waya. Mai gyaran takalmin can yana ciki. Fastonmu sau biyu. In buga miki?"

"In ba ta wanke ni ba, me zan yi da ita?"

"Kuɗin bugawa dai ɗaya ne."

Ta biya, ta ninke takardar ta sa a jaka.

Gaskiya ba ta yi mamaki ba. Fata dai ta yi ta yi ko an manta da ita, yadda ake mantawa da mutum a layin asibiti.

Abin daga mijinta Situma ya faro. Da yana da babbar motar ɗaukar rake wadda banki ya saya masa. Kamfanin sukari ya daina biyan masu jigila, banki kuwa bai daina tambaya ba. Aka ɗauke motar aka sayar, bashi bai ƙare ba. Wani lauya ya ba shi shawara ya je kotu ya ce ya karye. Kotu ta duba ta yarda, aka buga sunansa a jaridar gwamnati, shafi ɗaya da waɗanda takardar filinsu ta ɓata. Daga ranar banki ya daina kiransa, masu ɗaukar aiki ma haka. Ya nemi tuƙi a kamfanin madara, suka ce direbansu yana karɓar kuɗin shaguna. Ya nemi gadi, suka ce gadin a ƙofar banki ne. Yanzu acaba yake yi da babur ɗin wani. Shi dai abin bai hana shi barci ba.

"Talaucin kowa a unguwar nan zargi ne kawai," yakan ce. "Nawa alƙali ne ya sa masa hannu."

Ana cikin haka mahaifinsa ya rasu a ƙauyensu, kusa da Kimilili. Kwamitin jana'iza ya zauna a ƙarƙashin rumfa ya lissafa abin da ake bukata: kuɗin ɗakin ajiye gawa, akwati mai hannun ƙarfe, rumfuna, lasifika, da bijimin yanka, don ba a binne dattijo irin wannan da naman kaji. Mutane suka yi ta tashi suna karɓar abin magana suna alkawari. Ƙanen mamacin, Baba Kundu, wanda shi ne shugaban kwamiti, ya ce kuɗin bijimi a kansa, shilin dubu arba'in. Aka yi tafi har da guɗa. Sai dai mai akwati ba ya karɓar tafi. Ana son kuɗi a hannu kafin ranar binnewa, kuma a duk gidan mutum ɗaya ne ke da takardar albashi da sunan da bai ɓaci ba.

"Sunanki kawai za mu ara, Maman Keziya," suka ce. "Kafin ƙarshen wata alkawura sun shigo."

Ta sa hannu a kan rancen banki na dubu ɗari da hamsin.

Bayan an binne aka yi lufu, zaman warware basussukan mamaci. Dangi suka zauna a fili, dattijon da ke jagoranta ya tsaya da sandarsa ya ce duk mai bin mamaci ya tashi ya faɗa, duk wanda mamaci ke bi shi ma ya tashi, don daga yau an rufe. Mai shayin kasuwa ya tashi, aka biya shi. Wani ya tashi a kan fartanyar da marigayi ya ara bai mayar ba, aka shiga ɗaki aka fito da ita. Wata tsohuwa ta amsa cewa akuyar marigayi tana wurinta, ta haihu, amma 'ya'yan sun mutu, uwar ma ba ta jin daɗi. Namalwa tana bayan ɗakin girki a lokacin, tana kankare ƙanzon ugali, tuwon masara, daga tukunya, tana jin komai. Ta leƙo ta nemi idon Situma, shi kuwa maraya ne a ranar, kansa a sunkuye. Matar ɗa ba ta shiga tsakiyar surukai ta ce gawa ta ci mata kuɗi. Kuma a ganinta ai marigayi bai ranci komai ba, yana kwance aka yi. Dattijo ya sake tambaya, ya ɗan jira, sannan ya buga sanda a ƙasa. Ta koma kan tukunyarta.

Alkawuran da suka shigo ba su kai kuɗin lasifika ba. Ta yi ta biya daga albashi har kanti ya rufe.

Da ta dawo daga shagon kwamfuta, ta ajiye wa Situma takardar a gefen kwanon ugalinsa. Ya karanta yana cin abinci.

"Taki ma da sauƙi," ya ce. "Sai an biya kuɗi ake gani. Ni duk ƙasa ta karanta tawa."

"Baban Keziya, ba wasa nake ba."

"Nawa ya rage?"

"Da ruwan da ya hau kai, dubu tamanin da wani abu."

Ya yi fito, ya duba aljihunsa kamar mai yiwuwa ne, ya fito da kuɗin da ba su kai na mai ba.

"Gobe zan je wurin Baba Kundu," ta ce.

"Ke? Ko hannu ba kya iya ba shi."

"To kai ka je."

"Ni rabon da ya amsa gaisuwata tun da aka buga ni a jarida. Wai na tona wa dangi asiri. Ya ce a gidanmu a ɓoye ake karyewa."

Da safe ta bar Keziya a hannun ƙanwarta Rispa, wadda ke zaune da su tana jiran shiga makarantar koyon jinya. Ta ce a ba yarinyar ruwa kofi bayan kofi ko ba ta so, a sa mata safa, kada ta taka siminti ba takalmi, maganin safe yana bayan gwangwanin sukari. Ta fita ta dawo ta ce safa mai kauri, ba mai fure ba. Sannan ta hau matatu, ƙaramar bas ta haya.

Ta tarar da Baba Kundu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan dutse. Ƙanen surukinta ne, wato shi ma surukinta ne, don haka ba ta matsa kusa ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin girki ta juya masa gefe. Mayi, uwar Situma, ta jawo kujera tsakaninsu da faifan wakenta, don ta bakinta magana za ta bi. Tsakanin Namalwa da dattijon bai fi tsawon igiyar shanya ba, kuma kunnensa ƙalau yake.

"Mayi, ki gaya wa Baba bashin jana'iza ya kai sunana baƙin littafi."

Mayi ta juya. "Ɗiyarka tana gaishe ka. Ta ce ka rame."

"Ki ce mata ƙafar nan ce," in ji Baba Kundu. "Ki ce ina jikata?"

"Yana tambayar Keziya."

"Na ji, Mayi. Ki ce masa saboda Keziyar na zo. Ki tuna masa ya yi alkawarin dubu arba'in a lasifika."

"Ta ce jawabinka na ranar nan har yanzu ana maganarsa a Eldoret."

Baba Kundu ya ji daɗi. Ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya maimaita musu wani yanki na jawabin, wurin da ya kwatanta ɗan'uwansa da babbar inuwa. Mayi ta share ido da gefen zane.

"Mayi, ran Juma'a za a rufe. In ban kawo takarda ba, aikin ya wuce ni."

"Ta ce tana neman aiki, ka sa mata albarka."

"Na sa. Allah ya ba ta babban ofis."

Namalwa ta dubi rana. Matatun ƙarshe ba ya jiran kowa. Wata jar kaza ce ke tono a gabanta. Ta tsura mata ido, ta ɗaga murya.

"Ke kaza, ki ji da kyau. Na ci bashi aka binne mai gidan nan. Aka ce alkawari zai biya, bai biya ba. Yanzu sunana ya ɓaci, za a hana ni aiki, kuma aikin ne zai kai jikar gidan nan asibiti in ciwonta ya tashi. Dubu arba'in ɗin da aka faɗa a lasifika, in ta fito, ni zan nemi sauran."

Mayi ta daina ɓare wake. Kaza ta ci gaba da tono.

Baba Kundu ya daɗe yana juya sandarsa. Da ya tashi magana, bishiyar mangwaro ya fuskanta.

"Ranar lufu an tambaya. Ina wurin, ke ma bishiya kina wurin. Mai shayi ya tashi. Mai fartanya ya tashi. Da an tashi an ce akwai bashin akwati, da dangi sun raba shi a take ko da za a yanki gona a sayar, don ba ma barin ɗan'uwanmu ya tafi da kaya a ka. Ba a tashi ba. An buga sanda. In na buɗe maganar yanzu, na ce ɗan'uwana yana kwance da bashi, na tashe shi ke nan. Wa zai iya kwana a gidan nan?"

"Kaza, alkawarin fa? Ai ba mamaci ya yi shi ba, mai rai ne."

"Alkawarin jana'iza," ya gaya wa bishiya, "don a ƙarfafa wa jama'a gwiwa ake yin sa. Da ban ce arba'in ba, wa zai ce biyar?"

Can kuma ya ƙara da cewa, da ƙaramar murya, rakensa ya tsufa a gona, kamfani bai zo yanka ba, ya fara bushewa a tsaye. Namalwa ba ta dube shi ba, amma ta ga takalminsa, waya aka ɗaure shi da ita.

"A kama kazar nan a ba matar ɗanmu," ya ce wa Mayi. "Na ga sun shaƙu."

Mayi ta rako ta bakin hanya, kaza a hammata. Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yan kuɗi da suka yi laushi don daɗewa, ta danƙa mata.

"Na mota. Kada ki ce a'a, ba na son surutu."

"Mayi, da na tashi ranar nan fa?"

"Da an zage ki har Kirsimeti. Da an ce ɗana ya auro marar kunya. Ni ma da na taya su."

"Da kuma an biya?"

"Da an biya," in ji Mayi.

Washegari da rana Situma ya dawo gida da wuri, abin da ba ya yi sai in yana da dabara. Ya cire hular kwano ya zauna a kan bokiti, tunda kujeru sun tafi.

"Na yi tunani a kan babur. Akwai wani ofishi a bayan tasha, suna ba da rance ga duk mai tsabtataccen suna. Kati kawai da hoto, kafin ka iso gida kuɗi sun shigo waya. A biya banki yau, su ba ki wasiƙa, gobe ki kai wa Madam. In albashi ya fara sai a riƙa cikewa."

"Sunan wa?"

Rispa ya duba. Ba ta daɗe da karɓo katin ɗan ƙasa ba, duk layinsu babu wanda ba ta nuna wa ba, har da mai gawayi. Ta shiga ɗaki ta fito da shi ta ajiye a cinyar yayarta.

"Yaya, ki ɗauka. Me nake yi da suna? A jaka yake kwance."

Namalwa ta ɗauki katin. A hoton Rispa ta buɗe ido sosai, ta tsuke baki, kamar wadda aka ce in ta yi dariya ba za a ba ta ba. Keziya ta zo ta jingina da gwiwar uwarta. Namalwa ta kama hannuwanta ta ji su da sanyi, ta hau murza su da hannu ɗaya, katin yana ɗayan. A waje gari ya fara haɗa hadari ta gabas.

Ta so ta yarda. Ta so ƙwarai, har ta tambayi Situma ƙarfe nawa suke rufewa. Ta tambaye shi ruwan bashin, ya faɗa, ta auna shi da albashin da ba ta fara karɓa ba, ta ga abin da zai rage ba zai biya haya ba. Wata biyu in Keziya ta yi rashin lafiya, ko asibitin ya yi jinkirin albashi, shi ke nan. Rispa kuma in ta gama makaranta, duk inda ta je neman aiki wata Madam ce mai tabarau za ta ce mata saura takardu uku.

"Sunanta kawai za mu ara," Situma ya ce. "Kafin ƙarshen…"

Bai ƙarasa ba. Shi ma ya ji abin da ya faɗa. Ya ɗauki hular kwanonsa ya hau goge gilashinta da bakin riga.

Namalwa ta kama hannun ƙanwarta ta sa mata katin, ta naɗe yatsunta a kai.

"Ki ɓoye shi inda ni ma ban sani ba. In damina ta yi tsanani na zo ina kuka ina roƙonki, ki ce ya ɓata."

"Yaya, ai ni na…"

"Ki ce ya ɓata, na ce. Je ki ɗora ruwan zafi, kazar nan ba za ta ga Juma'a ba."

Suka ci kazar. Romon da hantar na Keziya ne, Situma ya samu wuya da ƙafafu, ya ce wannan ne kaso na farko da ya fito daga dubu arba'in.

Ran Juma'a ta goge rigarta ta coci ta tafi. Ta miƙa takardu ukun, ta sa ta ukun a sama don kada a ɓata lokaci. Madam Jerusha ta sauko da tabarau na ka ta ɗora a kan na hanci, ta karanta.

"Bashin me?"

"Jana'izar surukina."

"Mutanen ina ne?"

"Kimilili."

Madam Jerusha ta cire tabarau duka biyun. "Kin tashi ranar lufu?"

"Ina wanke tukwane."

"Ash." Ta girgiza kai. "Mu daga Chwele muke, maƙwabtanku. A na surukina ni ma ina bayan murhu. Sai dai ni da suka kawo biro na ce hannuna da kitse." Ta ture takardar gefe. "Maman wa kika ce?"

"Keziya."

"Maman Keziya, ba zan ja ki da nisa ba. Masu inshorar asibitin nan ba su yarda wanda ke cikin baƙin littafi ya zauna a kan akwatin kuɗi ba. Ba sa tambayar ko giya ya sha da kuɗin ko suruki ya binne. In na sa ki, ranar da suka duba ni da ke za mu fita tare, ni kuma ina da uku a makaranta."

"Na ji, Madam."

"Ke kika fi kowa a waɗanda suka zo, in wannan zai yi miki amfani."

"A kemis ba sa karɓarsa."

Madam Jerusha ta fara rufe fayil. Namalwa ba ta tashi ba. Ta riƙe jakarta a cinya da hannu biyu, yadda take zama a layin asibiti in ta ƙudurta sai ta ga likita.

"Madam, wane aiki ne a gidan nan ba ya taɓa kuɗi?"

"Likita."

"Bayan shi."

Madam Jerusha ta leƙo ta sosai. Ta jawo wani fayil daga ƙasa. "Ɗakin wanki. Ɗaya ta tafi ƙauye ta ce ba ta dawowa. Zanen gado ne, da rigunan tiyata, da abin da kika san yana zuba a kan zanen gado. Ke kina da difloma a lissafi."

"Katin fa?"

"Rabin albashin ne. Kuma da banki ya ji kin fara karɓa zai aiko a riƙa yanka."

"Su yanka, hakan ne ma zai fitar da ni. Katin fa, Madam?"

"Katin ƙananan ma'aikata ɗaya ne. Ɗakin kwanciya na mutum shida, ba na mutum ɗaya ba."

"Da ƙarin jini?"

"Da shi."

"Sai an gama watannin gwaji?"

"Daga ɗaya ga wata, in hoto ya shiga yau kafin a tashi."

Namalwa ta miƙa hannu a ba ta biro. Wannan karon sai da ta karanta takardar daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun baya, Madam Jerusha tana jira tana ƙwanƙwasa tebur da farce. Sannan ta sa hannu.

"Abu ɗaya," in ji Madam Jerusha, tana mayar da tabarau ɗaya ka. "Likitocin nan suna mantuwa a aljihu. In kin tsinci kuɗi a riga, kada ki taɓa. Ki kira wani wanda ba ya cikin littafin ya ɗauka."

"Akwai irinsu a ɗakin wankin?"

Madam Jerusha ta yi tunani. "Ki kira ni."

Wata ma'aikaciya ta sauka da ita ƙasa, inda injuna ke juyi, tururi ya cika ko'ina. Aka tambaye ta lambar ƙafarta aka ba ta takalmin roba da ya fi ta girma, aka ce ta cusa jarida. Ɗakin da ɗumi sosai. Ta tsaya tana tunanin ko za a bar mutum ya shanya 'yan kayan yaro a bayan injin busarwa ranar da rana ta ƙi fitowa, ta bar tambayar sai ta saba da su.

Da ta fito farfajiya yayyafi ya fara. Ta raɓe a ƙarƙashin rumfar masu gadi ta kira Rispa.

"Yaya, an samu?"

"Ki wanke wa Keziya fuska, ki gyara mata kai. Ki sa mata jar rigar sanyi da hula, hular za a cire in an zo wurin hoto. Kada ku hau babur, ruwa ake yi, ku shiga matatu ku zauna nesa da taga. Ki taho da gorar ruwanta."

"To amma an ba ki aikin?"

"Rispa, mai hoto yana tashi da wuri. Kin sa mata safar?"